Da Sauƙi, Madam

Faisal, ajiye wayar nan ka dube ni. Kai ne ɗazu ka ce koyarwa ba wuya, wai komai yana cikin waya, ko? Madalla. Wata biyu da zuwanka sabis, bautar ƙasa ke nan, har ka gama sanin aikin da ya cinye mini shekara talatin da ɗaya da gwiwoyi biyu. Allah ya ƙara basira. To, tunda gobe za a kwashe ku zuwa wokshop, wato taron bita, kan walwalar ɗalibai, ku zauna ku ukun in ba ku nawa tun yau. Babu ruwan leda, babu mitfai, burodin nan mai nama a ciki, babu satifiket. Labari ne na yadda ni, Madam Hawa, da nake ganin babu wanda ya kai ni sanin yaran unguwar nan ta Nima, na zauna da biro a hannu kunnen yarinya yana mutuwa a gabana.

Amma bari in fara da kayan aiki, kada ku ɗauka da laftof aka haife mu.

Ranar da na fara shiga aji, abu uku hedmasta ya miƙo mini: alli rabin kwali, rajista, da tsumman goge allo da wata uwa ta ɗinka da ragowar atamfa. Allon kuwa siminti ne aka shafa wa baƙi. In ya koɗe, sai mu fasa tsohon batir, mu kwaɓa baƙin cikinsa da ruwa mu sake shafe shi. Allin ya shiga hanci, ya shiga mayafi, in na koma gida babana ya ce, "Hawa, makaranta kika je ko injin niƙa?" Shi mutumin Tawa ne, can Nijar, albasa yake sayarwa a kasuwar Agbogbloshie, kuma a bakinsa na ɗauki Hausar da nake yi muku, ba irin taku ta "yarinyan ya zo" ba. Ku yanzu an kawo muku farin allo da maka, alƙalamin nan mai tawada. Makar ta bushe tun satin farko, ana jiran ofis ya aiko da tawada. Muna nan muna jira, in sha Allahu jikokinku za su gani.

Ba kwaleji ce ta koya mini aikin ba. Kwaleji ta koya mini yadda ake rubuta lesin not mai shafi huɗu kan darasin da ba za a samu lokacin yi ba. Masta Tetteh ne ya koya mini, wani tsoho ɗan ƙabilar Ga mai ɗaure wando har ƙirji, wanda ya daɗe yana koyarwa a Zango har Hausa ta kama bakinsa. A satina na farko ya same ni zaune a tebur da safe ina jera takardu. Ya ƙwanƙwasa teburin da makulli.

"Tashi," ya ce. "Wurinka bakin ƙofa." Haka Hausarsa take, mace da namiji duk "ka" ne.

Na tsaya kusa da shi, yara suna shigowa ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya gaishe mu, kowa aka tambaye shi ya ce lafiya lau. Da suka gama shiga sai ya ce, "To, wa ba shi lafiya?"

Na ce, "Masta, ai duk sun ce lafiya."

Ya yi mini kallon da ake yi wa wanda ya sayi agogon zinari a cikin trotro, motar hayar nan tamu. Sannan ya fara nuna mini da haɓa. Wancan bai karya ba, dubi yadda ya bi mai koko da ido ta taga. Waccan an doke ta a gida, da gefe ɗaya ta zauna. Wancan takalmin yayansa ya sa, yau yayan yana gida ke nan. Ya ce, "Abin da an koya yaro a gida, shi zai faɗa maka. Bari baki. Duba ƙafa, duba ido, duba yadda ya zauna."

Tun daga ranar, fiye da shekara ashirin, ƙarfe bakwai tana yi mini a bakin ƙofa. A nan na kama masu zazzaɓi, masu yunwa, da yarinyar da ba ta ganin allo amma ta haddace kowane darasi daga bakin ƙawarta don kada a gane.

Iyaye kuwa su ne kwastomominmu, kuma ko a kasuwar Nima ba ka samun masu wuyar sha'ani kamarsu. Akwai uban da ba ka ganinsa sai ranar da ka ƙwace wa ɗansa waya, ya zo da ƙannensa biyu da murya. Akwai uwar da za ta ajiye miki waakye, shinkafa da waken nan, a ganye ta ce, "Madam, ki hore shi, ni na ba ki izini." Ran da kika ɗaga masa murya, ita ce za ta zo ta tambayi wanda ya ba ki izini. Amma yawancinsu bayin Allah ne da suke fita nema tun asuba, sun miƙa mana yaransu sun yarda cewa mun san abin da muke yi. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Sai aka shigo zamanin wokshop. A tara mu a wani zaure wajen Kokomlemle, a ba kowa ruwan leda biyu da mitfai wanda naman cikinsa ya tafi hutu. Fasiliteta, wato mai koya wa malamai yadda ake koyarwa, galibi wanda rabonsa da aji tun yana ɗalibi, ya kunna na'urar haska bango, wuta ta ɗauke, mu yi awa guda muna fifita da takardun da aka raba mana. In ta dawo, a kasa mu rukuni-rukuni, a ba mu 'yan takardu masu launi mu rubuta matsalolinmu mu manna a bango. Sau nawa na rubuta "yara saba'in, benci ashirin", ban sani ba. Ina jin suna can manne har yau in ba a yi fenti ba. An kuma koya mana tafi iri-iri: tafin ruwan sama, tafin jirgin ƙasa, tafin roket. Kada in zama butulu, a wokshop ne na ajiye bulala, kuma ban taɓa nadama ba. Amma tafi dai, wallahi na ƙware, ko a gidan biki ba a kunyata ni.

Shekarar da nake kira baƙar shekara, an tara mu kan walwalar ɗalibai, irin wanda za ku gobe. Fasilitetan wani Mista Ofori ne, mutumin kirki, mai ƙamshin turare, ba ya jin Hausa ko "zo in kashe ka". Ya zo da sabon fom. Duk yaron da ya kawo kukan ciwo ko damuwa, a sa sunansa. Kowace Litinin malamin aji ya tambaye shi yaya yake, ya sa tik a ɗaya daga akwati uku: yana warkewa, yana nan yadda yake, ya tsananta. Wanda ya faɗa akwati na uku, makaranta ta ba shi takarda a kai shi asibiti. Har iyaye aka tara aka yi musu bayani. Tsakani da Allah tsarin ya yi kyau.

Sai Mista Ofori ya ce, tunda yaran Nima da Maamobi Hausa suke yi, yana so a rubuta kan akwatunan da Hausa, don yaro ya amsa da harshen da ya fi sakin jiki da shi. Ya ce, "Wa zai taimake mu? Yaya yaro zai ce ciwonsa yana warkewa?"

Duk malamai suka juyo gare ni, don an san ni da Hausar Nijar. Na miƙe, na gyara mayafi, na ce da ƙarfi yadda na baya za su ji, "Da sauƙi."

Ya rubuta a allo, ya sa aka yi mini tafin roket. Na zauna kaina ya yi girma. Bayan sati biyu fom ya iso makarantu, an buga DA SAUKI a kan akwatin farko, ko ƙugiyar harafin ba su sa ba.

To ku da kuka tashi a Zango, ku gaya mini. Yaushe kuka taɓa jin an tambayi marar lafiya jiki ya ce wani abu ban da "da sauƙi"? Babana, ranar da zai rasu, da hantsi maƙwabta suka shigo dubiya, aka ce, "Malam Idi, yaya jiki?" Ya ce, "Da sauƙi." Kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Maganar nan ba rahoto ba ce. Addu'a ce, kuma ladabi ne, don ba a kai ƙarar Ubangiji wurin mutane. Na san haka tun ina goye. Amma an tambaye ni a gaban jama'a, mai turare yana jira da maka a hannu, sai na ba shi amsar ƙamus na karɓi tafina.

Fom ɗin nan dole ya isa teburin hedmasta kafin ƙarfe tara na Litinin, shi kuma ya aika ofishin ilimi na gunduma kafin azahar. Ga rajista, ga lesin not, ga wasu fom biyu da wokshop ɗin baya ya haifa. Sai na bar bakin ƙofa na koma tebur, da farko Litinin kawai, daga baya har jiki ya saba. Masta Tetteh ya riga ya yi ritaya, babu mai ƙwanƙwasa mini makulli. Yara su yi layi, kaina a ƙasa, in kira suna, in tambaya, in sa tik. Minti goma na gama duba lafiyar aji guda, abin da likita ba zai iya ba.

Rukayya tana aji uku na jiniya, wato ƙaramar sakandare, shekarar jarrabawar fita. Siririya ce, benci na biyu, lissafi a wurinta kamar shan ruwa. In na yi kuskure a allo ba ta ɗaga hannu, sai ta yi ɗan tari, in juya in gyara, babu wanda ya sani sai ni da ita. Uwarta tana sayar da waakye a mahaɗar Kawukudi, kakarta ce ke riƙe da ita a gida. Burinta ta shiga babbar sakandaren kimiyya ta zama likita, kuma da irin makinta ba mafarki ba ne. A farkon shekara ta ce kunnenta na hagu yana ciwo. Na sa sunanta a fom, lamba ta tara.

"Rukayya, yaya kunnen?"

"Da sauƙi, Madam."

Tik. Wata Litinin ɗin ma haka. Wata Litinin ɗin ma haka.

Tarin nan ya daina, sai na ɗauka ni ce na daina kuskure. Makinta ya fara sauka, na ce ai yaran yanzu ne, ta fara kallon fim a wayar wani. Wata rana a tsakar makaranta na kira ta sau uku ba ta juyo ba. Na ce lallai, an fara girma, an fara jin kai. Na sa ta share aji sati guda saboda raini. Ta share tsaf.

A ƙarshen tam na biyu aka kira hedmasta gunduma, ya dawo da satifiket a cikin firam. Wai babu makarantar da yaranta suke warkewa kamar tamu, ko yaro ɗaya bai taɓa faɗawa akwati na uku ba. Ikon Allah! Mista Ofori da kansa ya zo ya ɗauki hoto da ni, ya ce in zo wokshop na gaba in bayyana wa sauran malamai sirrinmu. Na ɗinka sabuwar atamfa saboda ranar.

Wata Litinin, saura wata biyu jarrabawa, ina cike fom ina kuma neman waɗanda ba su kawo aikin gida ba. Layi ya zo kan lamba tara. Ban ɗago ba. Na ce, "Rukayya, ina littafinki na lissafi?"

"Da sauƙi, Madam."

Aji ya fashe da dariya. Na ɗago kai. Ita ba dariya take yi ba, bakina take kallo. Na ɗauki fom ɗin na kare bakina da shi, na ce, "Rukayya, yaya sunan babanki?"

Ta dubi takardar, ta dubi yaran da suke dariya. Idonta ya ciko. Ta ce a hankali, "Da sauƙi, Madam."

Na ja ta waje bayan aji na ɗaga hijabinta. Auduga a kunne biyu, ba ɗaya ba, duk ta jiƙe ta yi rawaya. Warin da ya bugi hancina, da a bakin ƙofa nake tsayawa da tun watanni na ji shi. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, kuma ba na jin zan sake ji. Yarinyar da na sa shara saboda raini, ashe ba ta ji kiran ba ne.

Na bar ajin a hannun malamin da ke kusa, na kama hannunta muka tsallaka kwata muka shiga lungunsu. Kakarta tana zaune a ƙofar ɗaki tana tsince wake.

Na ce, "Mma, yarinyar nan ba ta ji. Tun yaushe?"

Ta ce, "Ai da sauƙi, Madam. Muna ɗiga masa mai mai ɗumi."

"Mma, don girman Allah ki bar ni da sauƙin nan. Tana iya barci?"

Tsohuwar ta ajiye faifan. Ta ce, da Hausar Zango da ba ta raba mace da namiji, "Ba ya barci. Kuka yake, ya jingina kai da bango."

"To me ya hana ku kai ta asibiti?"

Ta dube ni da mamaki. "Ku kun ce makaranta na rubutawa kowane sati. Kun ce in ya yi tsanani za ku ba da takarda. Takarda muke jira, 'yata."

Na ce muku ku riƙe maganar iyaye. To ga ta nan. Wata shida suna jiran takardar da ni ce zan rubuta, ni kuma ina can ina gwada atamfa wurin tela.

Na juya bayan fom ɗin, don shi ne takardar da ke hannuna, na rubuta wa Rukayya: me ya sa ba ki gaya mini ba? Ta karanta. Ta ce, da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin muryar kansa, "Madam, ai ke kin fi mu jin Hausa. Na zata kin gane."

Ranar muka hau trotro zuwa asibiti, ni da ita da uwarta da ta bar tukunya a hannun maƙwabciya. Likitan kunne ya leƙa da fitilarsa, ya daɗe yana leƙawa. Ya tambayi tun yaushe, na ce wata shida. Ya ce, "Ke ce uwar?" Na ce ni ce malamar da take dubawa kowane sati. Ya ci gaba da rubutu. Na hagu ya riga ya tafi. Na dama, in an bi magani, za a ceci yawancinsa. Ya ce da mun zo wata uku baya, da wata magana ake yi.

Na dawo da ita bencin gaba, kunnen dama wajen allo. Bayan an tashi mu zauna ni da ita, in rubuta mata darussan da suka wuce ta tana zaune a cikinsu. Wata biyu ba ya biyan wata shida. Ta ci jarrabawa, amma makin bai kai makarantar da take so ba. Likitancin nan ya tsaya a nan. Ta yi wata sakandare kusa da gida, yanzu tana sayar da magani a wani kemis a Kawukudi.

Wokshop ɗin kuwa na je, da sabuwar atamfata, na bayyana musu sirrinmu tun daga farko har ƙarshe. Babu wanda ya kira tafin roket. Mista Ofori ya cire tabarau ya riƙe a hannu, na ga abin ya taɓa shi da gaske. Ya ce za a sake duba fom. Aka duba. Bayan shekara guda aka cire Hausar, aka sa fuskoki uku: mai murmushi, mai shiru, mai kuka. Yara suna zaɓar mai murmushi, don ita ta fi kyau. Na ji an ce gobe a cikin waya za a sa muku shi, yanzu ko biro ba za ku buƙata ba. Satifiket ɗin yana nan a ofishin hedmasta, ku duba in kun shiga. Bango ya tsage a wurin, shi ya sa ba a cire shi ba.

Don haka ku je ku ci mitfai, ku yi tafi, ku cike abin da aka ce ku cike, ni ma ina cikewa. Amma jibi ƙarfe bakwai ina so in ga kowannenku a bakin ƙofar ajinsa, waya a aljihu. Faisal, da kai nake.

Watan jiya gwiwar nan ta hana ni sakat, na lallaɓa zuwa kemis ɗin in sayi man shafawa. Rukayya ta taso da murna ta gaishe ni har ƙasa. Ta ce, "Madam, yaya gwiwar?"

Kafin in yi tunani bakina ya riga ni. Na ce, "Da sauƙi."

Ta yi murmushi, ta juyo mini da kunnen hagu, ta nuna shi da yatsa. Ta ce, "Sake faɗa a nan, Madam. Shi ne ya saba da ita." Sannan ta zagayo daga bayan tebur ta tsaya ta harɗe hannu. "Taka daga nan zuwa ƙofa in gani."

Na taka. Taku huɗu na yi na dafa bango. Ta jawo mini kujera.